An Aske Wa Maigidana Gemu a Bariki, Yayana Ya Ce Ya Gudu

Assalamu alaikum Inna Sahura,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin watan nan ya mutu. Kaina ya ɗaure, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana a gida ba tare da ta zaga unguwa ta dawo mini ba. Ni matar aure ce a Dogon Dutsi, da jaririya a goye. Kada ki sa sunana. Maigidana kuma bari in kira shi Luƙman, ko da yake duk wanda ya san mu zai gane, tunda ba mutum biyu ba ne suka yi yawo da takunkumi a kasuwar Dutsi cikin zafin bazara.

Bari in ɗauko miki daga farko. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarama, wana Yaya Mubarak ne ya riƙe ni, ya sa ni lakkwal, wato makarantar boko, har na kai kwaleji. Luƙman abokinsa ne, majalisin karatunsu ɗaya. Yana da butik kusa da tasha inda yake sayar da kayan salula. Ni na ce ina son sa, Yaya kuma ya yi murna, ya ce ya ba ni ga mutumin da ya riƙe Sunna. Inna, da kin ga gemun Luƙman a lokacin. Ya sauko har ƙirji, baƙi wuluk, yana da mansa na musamman da ɗan mataji da ba ya rabuwa da aljihunsa. Masu ciniki ma sun san shi: in ya kama gemun ya ja ƙasa, to an gama, ba ragi.

Da aka rufe iyaka kaya suka daina shigowa, butik ya koma wurin hira. Ana cikin haka ƴan bindiga suka kore shanun kawunsa a wani ƙauye wajen Dogon Kiriya, suka harbi ɗan kawun a cinya. Luƙman ya je dubiya ya ga raunin da idonsa. Da aka yi shelar ɗaukar soji sai ya kai takardunsa. Yaya ya hana, bai hanu ba.

Ranar da suka isa wurin horo aka jera su aka aske kowa, kai da haɓa. Da ya samu ya kira ni, muryarsa kamar ta wanda aka yi wa rasuwa. Na ce lafiya? Ya ce, "Sun cire shi." Gabana ya faɗi, na zaci yatsa ne ko haƙori. Da na gane gemu yake nufi na yi masa jaje yadda ya kamata, amma bayan na ajiye waya sai da na cusa mayafi a baki don kada uwar mijina ta ji dariyata. Allah ya yafe mini.

Da ya zo permisiyo na farko, wato hutun da ake ba soja, da takunkumi ya sauko daga mota, irin na lokacin korona. Haka ya yi ta yawo da shi, gumi na zuba, mutane na yi masa sannu da mura. A gida ma sai da tsohuwarsa ta ce ba za ta gaisa da wanda ba ta ga bakinsa ba, sannan ya cire. Ta dube shi ta ce, "Ashe ɗana na nan, daji ne ya rufe shi."

A nan zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni da gemu na aure shi, ban taɓa ganin haɓarsa ba. Ashe akwai ɗan rami a tsakiyarta, in ya yi murmushi sai ya lotsa. Inna, wallahi ya yi mini kyau. Shi yana shafa wurin yana tsaki, ni ina taya shi tsaki a baki, a zuci kuwa ina kallo. Ban sani ba ko zunubi nake kwasa.

Bayan horo aka tura su wajen Dogon Kiriya ɗin. Gaskiya ba zan yi musu ƙarya ba, ba wanda ya hana shi salla. Suna da masallaci, suna da liman, da azumi har sassauta musu aiki ake yi in hali ya yi. Shi da kansa ya ce akwai wuri guda da soja da Sunna suka daidaita, wato wando, tunda cusa shi ake cikin takalmi, ba ya jan ƙasa. Amma kin san mai wa'azi ba ya iya shiru. Abokan ɗakinsa da yawa ƴan ƙauyukan Arewa ne, kowa da layunsa da gurunsa ƙarƙashin kaki, wani ma kakarsa ƴar bori ce ta ɗaura masa da hannunta. Luƙman ya fara da nasiha, nasiha ta koma gardama, har ranar da ya ɗauke gurun wani daga inda ya rataye ya ce zai ƙona. Da ƙyar aka raba su. Shef ɗinsu, wato shugabansu, ya kira shi ya ce an ɗauke shi gadin ƙasa ne, ba gadin imanin mutane ba. Sai sara wa tuta kuma, wadda ya ce zuciyarsa ba ta kwanta da ita ba, yana yi ne kawai don dole.

Babbar matsalar ta faru wata Juma'a. An ajiye su su biyu a shingen hanya, shi da wani abokinsa Ishaku, Kirista ne ɗan Tibiri. Su biyun sun shaƙu, duk da Luƙman ya sha yi masa wa'azi shi kuma yana dariya yana cinye masa ƙuli-ƙuli. Masallacin ƙauyen na kusa, ana jin huɗuba. Luƙman ya kasa tsayuwa, sai kai da komo yake. Ishaku ya ce masa, "Tafi ka yi sallarka, in tsaya. Ran Lahadi ka rama mini." Ya tafi. Kafin a sallame sai ga shef ya zo zagaye, ya tarar da mutum ɗaya inda ya bar biyu. Aka rufe su duka a kaso, aka sa su haƙa rami cikin rana, aka soke permisiyon da ya riga ya nema. Ishaku har yau yana tsokanar sa, wai shi ne Kirista na farko da aka ɗaure saboda sallar Juma'a.

Ni abin bai ba ni dariya ba, domin wannan permisiyon na haihuwata ne. Na haihu ba ya nan, aka yi suna ba ya nan. Yaya ne ya tsaya a kan komai, shi ya yi wa yarinya huɗuba, aka sa mata Firdausi. Har yau ubanta bai ɗauke ta ba, sai hoto a waya.

Tun daga ranar suna Yaya ya samu abin faɗa. Ya ce aikin da ya raba mutum da gemunsa, ya ɗaure shi don ya yi salla, ya sa shi yi wa ƙyalle ladabi, ba aikin Musulmi ba ne. Kullum suna waya. Yanzu an sake ba Luƙman permisiyo ƙarshen watan nan, kuma na ji da kunnena Yaya yana ce masa in ya zo kada ya koma. Wai ya tsallaka wajen Kebbi, akwai abokansu ƴan kasuwa da za su riƙe shi har ƙura ta lafa, ni da yarinya mu bi shi daga baya. Da na tambayi Luƙman bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi, "Ke dai ki yi mini addu'a, na rasa wanda nake saɓa wa."

Inna, ni ma na rasa. Wani lokacin in na ji an ce an kai hari wani wuri, sai in ce gara ma ya gudu, ko ba komai zan san yana da rai. Wani lokacin kuma in tuna ɗan kawunsa da ke ɗingishi har yau, da yadda Luƙman ya ce mini tun da aka kafa shingen nan mata sun koma zuwa kasuwa. Ba na iya yi wa Yaya musu, bai taɓa cuta ta ba, kuma ya fi ni karatu nesa. In na buɗe baki zai jawo aya, ni kuwa ba ni da abin mayarwa. Kuma ina tsoron kada son da nake ya zauna a aikin ya zama son albashi ne da son fuskar nan, ba don Allah ba.

Shin da gaske mijina ya sayar da addininsa? In bar shi ya bi Yaya, ko in tsaya a gabansa? In na tsaya, da wane baki?

Taki,
Matar soja, Dogon Dutsi

*

Wa alaikumus salam ƴata,

Barka da arziki, Allah ya raya Firdausi. Na karanta wasiƙarki, kuma ni ma sai da na nemi mayafi. Ki gaishe mini da uwar mijinki, da alama za mu shirya.

Mu fara da abin da ya fi sauƙi. Mace ta ga fuskar mijinta ta ji daɗi, wane littafi ne ya ce zunubi ne? Ba ke kika riƙe askar ba. Laifinki ɗaya, kin bar bawan Allah yana tsaki shi kaɗai alhali kina da maganar da za ta rage masa rabin baƙin ciki. Ki faɗa masa. Ba sai kin ce gemun bai yi kyau ba, kada mu tayar da wani yaƙin. Ki ce da shi da babu duk naki ne.

Hukuncin gemu kuwa ba ni zan yanke ba, ni ba malama ba ce, kuma malaman ma ba bakinsu ɗaya ba kan wanda aiki ya tilasta wa. Abin da na sani shi ne mijinki bai shiga layin aski don raina Sunna ba. Ya shiga ne bayan ya ga jinin ɗan uwansa. Mutumin da ya sayar da addininsa ba ya yawo da takunkumi cikin bazara don kunya, kuma ba ya shiga kaso saboda huɗuba. Ki kwantar da hankalinki ta nan. Gemu kuma ba yatsa ba ne, yana nan yana jiran ranar da zai ajiye kaki.

Amma maganar Juma'a, a nan zan ɗan ja kunnen angonki. Ba don salla aka rufe shi ba, don barin wurin gadi aka rufe shi, kuma ki lura da bambancin domin a kansa duk rigimar take. Addininmu bai manta da mai gadi ba. Tun zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, in ana fuskantar abokan gaba ba a tsayawa salla gaba ɗaya, wasu na yi wasu na tsaro. Yayanki ya san wannan babin, ki tambaye shi cikin ladabi ya karanta miki. Mutanen da suka cika masallacin ƙauyen nan sun ajiye takalmansu sun juya wa hanya baya ne saboda sun san akwai mutum biyu a shinge. Da wani abu ya taso ranar, Ishaku kaɗai zai tare, sannan masallatan. Shef ɗin da ya zo zagaye ana tsakar salla, in Musulmi ne, shi ma ai bai samu Juma'ar ba. Shirin da suka yi na canji ba shi da aibu, inda suka ɓata shi ne ƙulla shi a bayan shugabansu. Da sun je tun da safe sun nemi a tsara, wataƙila da ba a haƙa rami ba. Kuma in Luƙman ya zo ki ɗaura masa ƙuli-ƙuli mai yawa ya kai wa Ishaku. Abokin da zai sha kaso don ibadar da ba tasa ba, ba kullum ake samun sa ba.

Batun layu ma shef ya fi shi gaskiya. Yana da damar ya ƙi ɗaurawa, yana da damar ya yi nasiha ga wanda ya tambaye shi. Ba shi da damar taɓa kayan mutum. Wanda ya so ƙona wa guru yau, shi ne zai ɗauko shi a kafaɗa gobe in an ji masa rauni. Ƴancin da ya sa ba wanda ya hana Luƙman shimfiɗa dardumarsa, shi ne dai ya kare gurun wancan. Tuta kuwa, ya tambayi zuciyarsa ko ya taɓa roƙon ta ruwan sama. In bai taɓa ba, gaisuwar aiki ce, amma ya kai wa limaminsu tambayar ya ji daga bakin wanda ya san littafi kuma ya san bariki.

Kada ki ɗauka na ce soja ba ya kuskure. In wani babba ya zagi addininsa, ko ya hana shi salla alhali ba gadi ba aiki, wannan zalunci ne, kuma akwai liman da na sama da shef da zai kai wa kuka. Soke masa zuwa suna ma ya yi tsauri, na ji zafinsa tare da ke. Sai dai tsauri daban, hana addini daban.

Yanzu ga inda ba na wasa. Kada ya gudu. Sojan da bai koma ba bayan permisiyo mai laifi ne a gaban doka, neman sa za a yi, kuma ƙurar nan da Yaya ke cewa za ta lafa ba ta lafawa da sauƙi. Ki kuma duba lokacin da muke ciki. Saurayin da ya koyi harbi, ya san inda ake gadi, ya ɓace ta bakin iyaka ya sake tara gemu, me kike jin za a ɗauke shi? Ba wanda zai tsaya jin cewa caja yake sayarwa. Waɗanda ke daji ma za su so su san shi. Tsoron da kike ji in an ce an kai hari gaskiya ne, kowace matar soja da shi take kwana, ba zan ce miki babu haɗari ba. Amma gudu ba zai raba ki da tsoro ba, ƙara miki wani zai yi, kuma wannan ba ranar ƙarewa gare shi. In Luƙman ya auna ya ga zuciyarsa ba za ta iya aikin ba, ba abin kunya ba ne. Ya tambayi hanyar fita ta doka, ya jira lokacinta, ya fito ta ƙofar da ya shiga da takardarsa a hannu.

Yayanki kuma kada ki ɗauke shi abokin gaba. Mutumin da ya riƙe marainiya har ya yi wa ɗiyarta huɗuba ya cancanci a saurare shi. Ina ma zargin rabin fushinsa kewar abokin hira ce, an ɗauke masa na kusa da shi a majalisi. Sai dai shawarar da ya bayar ba shi zai ɗauki nauyinta ba. In ta ɓaci, shi yana shagonsa a Dutsi, ku ne a ƙasar mutane. Kada ki shiga gasar aya da shi, za ki faɗi. Ki same shi ku biyu, ki ce, Yaya, kai ka ba ni miji, kada ka mayar mini da shi wanda ake nema. Ki tambaye shi in an kama Luƙman wa zai je ya tsaya masa. In ya ƙi ji, ki sa uwar mijinki da wani dattijo da yake jin nauyi su yi masa magana, tun kafin motar Luƙman ta iso.

Da wane baki za ki tsaya, kika ce? Da bakin matarsa, uwar ɗiyarsa. Son albashi da ake ci da halal ba abin ɓoyewa ba ne, yarinya ba ta ƙoshi da gardama. Ranar da ya sauka kada ki tare shi da zancen. Ki miƙa masa Firdausi, ki bar shi ya ɗauke ta har ta jiƙa masa kaki, ya ci tuwo, ya huta. Sannan ki gaya masa a fili cewa ba za ki bi shi gudu ba, amma za ki jira shi komai daɗewa in ya koma bakin aikinsa. Ya ce ya rasa wanda yake saɓa wa. Mutumin da ya faɗi haka jira yake wani nasa ya ce masa bai ɓata ba, kuma daga bakinki zai fi yarda.

Allah ya tsare shi da abokan aikinsa, masu salla da masu zuwa coci, ya dawo mana da zaman lafiya a Arewa, ya sa ranar da zai ajiye bindiga ya shigo gidansa da rana tsaka, kowa na yi masa barka.

Taku,
Inna Sahura